Suwaitar Baba a Ƙarƙashin Teku

Tun da na dawo Mubi bakina bai huta ba. Duk ƙawar da ta shigo gidanmu a Nassarawo, kafin ta gama gaida Inna ta juyo kaina: "Nafisa, da gaske kin shiga ƙarƙashin teku? Kifi bai cije ki ba? Me suke ci a can?" Ina ba su amsa guntu-guntu, mu yi dariya, su tafi. Amma akwai abin da nake tsallakewa kullum, domin ba ya faɗuwa a tsakar gida ana tsinkar zogale. Shi ya sa na zauna in rubuta tafiyar tun daga tushenta.

Tushenta kuwa ba a tashar mota yake ba. Shekarar da 'yan bindiga suka shigo Mubi, mun gudu da ƙafa ta wajen Maiha, da niyyar ƙetarawa Kamaru ta Belel. A hanya muka tarar da wani mayo, wato kogi, ya cika. Babana tela ne, mutum mai jin sanyi, kuma ranar yana sanye da wata shuɗiyar suwaita da maƙwabciyarmu Mama Rifkatu ta saƙa masa. Ya cire ta ya miƙa wa Inna, ya ce, "Riƙe mini, kada ta jiƙe." Ya ƙetare da mu, Inna ɗauke da suwaitar a ka. Ya koma ya goyo tsohuwar surukar Mama Rifkatu. Ya koma karo na uku saboda wata mata da ba mu ma san sunanta ba. Matar ta fito, shi bai fito ba. Mutane sun bi gaɓa suna kiransa, amma babu wanda ya san yadda ake neman mutum a ƙarƙashin ruwa. Har yau ba mu da kabarin da za mu ce nasa ne.

Shekara uku Inna ba ta wanke suwaitar ba. Tana naɗe a ƙasan akwatinta, tana ƙamshin man keken ɗinki da turarensa.

Ni kuwa ilimin halittun ruwa na karanta a jami'a, kuma lokacin bautar ƙasa a kudu na koyi iyo da nutso ba tare da Inna ta sani ba. Da wata ƙungiya ta ba ni gurbin horo na sati shida a ƙasar Norway, kan yadda ake neman wanda ya nutse a ciro shi, dole na faɗa mata komai.

"Ruwa bai ishe ki ba, Nafisa?"

"Inna, ruwan can ba ya taɓa mutum. Akwai wata riga da ake sawa daga wuya har ƙafa. Mutum zai shiga ya fito a bushe, da kayansa a ciki."

"Da kayansa?"

"Wallahi, Inna."

Ta tashi ta buɗe akwati ta ɗauko suwaitar. Ta ce, "Ranar da ya cire ta ruwa ya tafi da shi. Ke kada ki cire. Duk ranar da za ki shiga, ki sa ta a jikinki. Kuma ki dawo mini da ita yadda na ba ki."

Na ce na yi alkawari. Ban san nauyin abin da na ɗauka ba.

Ranar tafiya Mama Rifkatu ta rako ni tasha da ƙullin yaji da soyayyar gyaɗa. Ta ga hannun suwaitar ya leƙo daga jaka, ta shafa shi ta ce da Hausarta, "Wannan ni ya saƙa shi. Ulu mai kyau ne, ba na yanzu ba. Ka je lafiya, 'yata, Allah ya kai ka ya dawo da kai." Ta juya da sauri don kada in ga idonta.

Daga Mubi zuwa Yola mun sauka a shingen sojoji ya fi sau biyar. A wani shinge bayan Hong, wani soja ya zazzage jakata, ya ɗaga suwaitar sama yana kallon girmanta yana kallona. "Wannan ta mijinki ce?" Na ce ta babana ce. Ya ce, "Ina baban?" Na ce ya rasu a gudu. Sai ya ninke ta da kansa, ninki irin na soja mai kusurwa huɗu, ya mayar. Direbanmu ya ce tunda yake bin hanyar nan bai taɓa ganin soja ya ninke wa fasinja kaya ba.

Na kwana biyu a Abuja wajen ƙanwar Inna, wadda ta cika mini jaka da kilishi. Kilishin bai shiga Norway ba. A filin jirginsu wata ma'aikaciya ta buɗe ƙullin, ta sunsuna, ta ce ba a shiga da nama. Ta ba ni haƙuri sau uku, kamar ita ta yi laifi. Da ta zo kan yajin Mama Rifkatu ta yi atishawa har hularta ta goce, ta yi dariya ta ce wannan kam ya wuce, ba abin da zai iya rayuwa a cikinsa.

Daga babban birni na shiga jirgin ƙasa, sannan bas, sannan wani jirgin ruwa da ke ɗaukar motoci, har wani ƙaramin gari na masunta a bakin teku. Abin da ya fara ba ni mamaki shi ne shiru. Bas cike da mutane, babu mai gaida wani. Na shiga na yi sallama da ƙarfi yadda aka koya mini, kowa ya sunkuyar da kai kamar na zage su. A Mubi in ka shiga mota ba ka gaisa ba, kafin Gombi an gano ɗan gidan waye kai an kai ƙararka.

An sauke ni a gidan wata tsohuwa mai suna Astrid, doguwa, mai farin gashi, wadda take zaune ita kaɗai. A bakin ƙofa ta nuna takalmana, na cire, na ji daɗi, domin ko a gidanmu ba a shiga ɗaki da takalmi. Abinci ne ya kusa sa ni kuka. Da safe burodi mai sanyi da kifi, da rana burodi mai sanyi da wani cuku mai zaƙi launin ƙasa. Sai wajen la'asar ake ɗora tukunya, dankali da kifi, ba mai ba barkono. Rana ta uku na fito da yajina na barbaɗa. Astrid ta miƙo farantinta. Ta ci loma ɗaya, hawaye suka zubo, ta sha ruwa kofi biyu, sannan ta sake miƙo farantin.

Mu takwas ne a horon, daga ƙasashe dabam-dabam, ni kaɗai ce mace. Malamarmu sunanta Marit, gajeriya mai faɗin kafaɗa, wadda ba ta ɓata kalma. Ranar farko ta kai mu wani ɗaki da rigunan nutso suke rataye jere kamar mutanen da aka cire wa kai. Ta ce ruwan nan sanyinsa yana kashe mutum, don haka kowa zai zaɓi rigar da zai yi sati shida a cikinta, kuma iri biyu ne.

Ta fara ɗauko wadda ake kira niyofirin. Roba ce mai kauri da laushi kamar soso, tana kama jiki, kuma ita kanta tana da ɗumi, ba sai an sa kaya da yawa a ciki ba. Aibinta nauyi, da daɗewa kafin ta bushe, kuma in an yi nisa ƙasa ruwa yana matse ta ɗuminta ya ragu. Ta biyun ana ce mata tirailaminet, mu kuwa muka riƙa kiranta mai ninki uku, domin yadi uku ne sirara aka manne wuri ɗaya. Ba ta da nauyi, tana bushewa da wuri, tana da yalwa kamar buhu. Amma ba ta da ɗumi ko kaɗan. Aikinta ta tare ruwa kawai, ɗumin kuwa sai abin da mutum ya sa a ciki.

A matsayina na 'yar tela, sai da na juya kowace na duba ɗinkinta. Marit ta kalle ni daga sama zuwa ƙasa ta ce, "Ke siririya ce, daga ƙasar zafi, kuma ba ki taɓa sa irin wannan riga ba. Ɗauki robar. Ta fi sauƙin sarrafawa."

Na shiga bayan labule na sa suwaitar Baba, na jawo rigar roba a kai. Ta tsaya a kafaɗa. Na ja, na riƙe numfashi, na sake ja. Da ƙyar zif ya rufu, amma hannuwana suka sandare a gefe kamar na mutum-mutumin gona. Wata rigar robar da ta fi ta girma kuwa, ƙafafunta sun fi nawa tsawo da kusan taƙi. Na gwada mai ninki uku, suwaitar ta zauna a ciki daram.

"Wannan nake so," na ce.

Marit ta kama hannun suwaitar ta murza. "Muna da kayan ciki da aka yi don wannan aiki. Cire wannan ki sa robar."

"Ba zan iya cirewa ba."

"Me ya sa?"

"Na yi wa mahaifiyata alkawari."

Ta saki hannun suwaitar. "Ulu ne, ba laifi, yana riƙe ɗumi. Amma ki sani, mai ninki uku iska tana yawo a cikinta. Za ki sha wahala. In ba ki iya ta ba kafin ranar gwaji, ba zan ba ki takarda ba, ko da alkawari goma kika yi."

Wahala kuwa na sha ta. Irin wannan riga ana hura mata iska ta wani maɓalli a ƙirji don kada ruwa ya matse mutum, a fitar da ita ta wani a kafaɗa. Ranar farko na sunkuya in duba wani kifi, iskar duka ta gudu ƙafafuna. Kafin in ankara na juye, kaina ƙasa, ƙafafu sama, na taso saman ruwa da tafin ƙafa kamar kazar da aka rataye a kasuwa. Abokin nutsona, wani ɗan Kenya mai suna Otieno, masunci ne mai 'ya'ya huɗu, ya yi dariya har ruwa ya shiga bakinsa. Daga ranar yake ce mini, "'Yar'uwa, yau da kai za mu fito ko da ƙafa?"

Kuskure na biyu, na sa rigar auduga da dogon wandon auduga a ƙarƙashin suwaitar, yadda muke yi a gida. Na yi gumi wajen ɗaukar tukunyar iska, audugar ta shanye gumin ta riƙe, a cikin ruwa ta koma kamar ƙanƙara a bayana. Na fito haƙorana suna kaɗawa. Marit ta ce, "Auduga ta ƙasarku ce, a nan maƙiyiya ce." Ta ba ni kayan cikinsu, na sa su a fata, suwaitar a kai. Kowace yamma ina cire ta in duba ta gaba da baya, in sa hancina a wuyanta. A bushe take, ƙamshin yana nan.

A sati na huɗu na daina juyewa. Na fara jin iskar tana tafiya a jikina kamar wata ƙaramar dabba da na san halinta. Na kuma fara ganin inda nake. Ƙarƙashin teku wuri ne mai koren haske, ciyayi dogaye suna rausaya a hankali kamar dawa kafin girbi, ba ka jin komai sai numfashinka. A da na zaci wurin fushi ne. Ban ga fushi a can ba.

Ranar gwaji aka ce za a kai mu da kwalekwalen inji can cikin teku. An nutsar da wani mutum-mutumi mai girma da nauyin namiji, kowane mutum biyu za su nemo shi da igiya su ciro shi. A sauran ranaku a ɗakin canza kaya nake sa hular robar da ke rufe kai, ni da Marit kaɗai, ita kuma ta zagaya yatsa a wuyana ta tabbatar robar wuyan rigar ta kwanta a kan fata. Ranar kuwa an ce a cikin kwalekwale za a sa hula, kuma kowa abokinsa ne zai duba shi. Kwalekwale cike da maza, har da baƙon mai jarrabawa. Sai na bar ƙaramin hijabina a kai, na cusa bakinsa cikin wuyan rigar don kada ya yi ta lilo, na ɗora hular a sama. Otieno ya duba tukunyata, ya duba zif, ya duba maɓallai. Da ya zo wuyana ya ɗaga hannu, sai ya ga hijabin, ya sauke hannun ya kau da kai. Mutunci ya yi mini.

Ba mu yi nisa da nutsewa ba na ji wani siririn sanyi ya gangaro ta ƙeyata. Yadin hijabin ya buɗe wa ruwa hanya tsakanin roba da fata. Ya bi bayana a hankali, ya bazu a kafaɗa. Na ji suwaitar tana yin nauyi.

Na yi wa Otieno alama da hannu cewa akwai 'yar matsala. Ya nuna sama da babban yatsa, yana tambaya ko mu koma. Na tsaya a tsakiyar ruwa ina tunani. Da komawa za ta busar da ita, da na koma. Amma ta riga ta jiƙe. Kuma can ƙasa akwai wani kwance yana jira a zo a ɗauke shi, ko da na roba ne. Na nuna ƙasa.

Muka kafa igiya muka riƙa zagayawa, kowane zagaye muna ƙara mata tsawo. A zagaye na huɗu hannuna ya taɓa kafaɗa. Yana kwance a gefe cikin ciyawa, fuskarsa a yashi. Na san roba ce. Duk da haka na juyo shi a hankali, na share masa yashin fuska, na zura hannuwana ta ƙarƙashin hammatarsa na rungume shi ta baya yadda aka koya mana. Muka taso sannu-sannu, bayansa a ƙirjina, jiƙaƙƙiyar suwaitar a tsakaninmu. Na yi kuka a cikin gilashin fuskata, kuma ba a share hawaye a can.

A cikin kwalekwale Marit ta ja bakin hijabin ta fito da shi yana ɗiga. Ta yi mini faɗan da ban taɓa ji daga bakinta ba. Ta ce da ruwan ya fi haka shiga, da mutum biyu za a ciro. Ta yi wa Otieno nasa, ta ce a bakin ruwa kunya ba ta cikin kayan aiki. Sannan ta lulluɓe ni da bargo, ta ce ba tare da ta kalle ni ba, "Kin ci."

Ban yi murna ba. Na isa gida na zauna a kicin ɗin Astrid da suwaitar a cinya, tana warin gishiri. Ta tambaye ni, na ba ta labarin duka, tun daga mayo. Ta saurara ba ta katse ni ba. Sannan ta ce in ba a ɗauraye gishirin ba zai cinye ulun. Na ce in aka wanke, ƙamshinsa zai tafi. Ta sunsuna ta ce, "'Yata, teku ya riga mu."

Mu biyu muka ɗauraye ta a ruwa mai ɗan ɗumi. Ba ta bari na matse ba, ta naɗe ta cikin tawul ta danna, ta shimfiɗa ta a kan tebur ta gyara mata hannuwa. Washegari da hantsi ta ce in raka ta. Ta kai ni bayan cocinsu, inda wani dogon dutse yake tsaye fuskarsa ga teku, an sassaƙa sunaye a jikinsa. Ta ɗora yatsa a kan ɗaya. Mijinta ne. Ya fita kamun kifi tun tana da ƙuruciya, ba a ga ko hularsa ba. Ta ce duk sunayen nan babu gawa ko ɗaya a ƙarƙashinsu. "Ni takalmansa ya bar mini," ta ce. "Na daɗe ina goge su a bakin ƙofa." Na tambaye ta yaushe ta daina. Ta ce ranar da ɗan ƙanwarta ya zo ba shi da takalmin shiga ruwa, ta ba shi su.

Duk tsawon hanyar dawowa ina shirya ƙarya ina rushewa. A jirgi na ce zan yi shiru. A Yola na ce zan shafa mata man keke kaɗan. Kafin mu kai Mararraba na ji kunyar kaina.

Na tarar da Inna da Mama Rifkatu a tsakar gida suna ɓarar gyaɗa. Bayan an gama murna da tsokanar na rame, na durƙusa na miƙa wa Inna suwaitar. Ta kai ta hancinta tun ban buɗe baki ba. Ta sauke ta a hankali.

"Ta jiƙe, Inna. Laifina ne." Na faɗa mata yadda aka yi, ban rage komai ba.

Ta daɗe tana shafa wuyan suwaitar da babban yatsa. Sannan ta ce, "Tana jikinki har kika fito?"

"Ban cire ba ko sau ɗaya."

"Shi wanda kika je nema, kin samo shi?"

"Na roba ne, Inna."

"Na ji. Kin samo shi?"

"Na samo shi. Na ciro shi har sama."

Ta gyaɗa kai. "Yaya can ƙasan yake?"

Na ce shiru ne. Na ce akwai haske, kuma ciyayi suna rausaya, kuma ba abin da yake jin zafi a can. Mama Rifkatu ta sa bakin zaninta a ido. Inna ba ta yi kuka ba. Ta sake sunsunar suwaitar, ta yamutsa fuska ta ce, "Wankin Turawa ba ya fita. Ɗebo mini ruwa a randa, ki miƙo sabulu."

Ta wanke ta da hannunta a cikin baho, a hankali, yadda ake wa jariri wanka. Da ta ɗaga ta sai ta ga gwiwar hannu ɗaya ta fara warwarewa. Ta miƙa wa Mama Rifkatu ta ce, "Maman yara, in ta bushe ki kama mata nan, ki kuma rage mata hannu. Ta yi wa yarinyar nan yawa, ga shi an ce damina mai zuwa ita da masu ceto za su fara aiki a mayo."